Na Gane Tsafin, Wutar Ta Ci Ni

Didi Sarmila, yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar mahaifiyarmu Ama? Ni lafiya lau a Bangalor.

Wasan tatsuniyar da muke yi a tebur da 'yan ofis ne ya ishe ni. Kowa da jaruminsa a cikin labarin, ni gwanintar nawa ɗaya ce, gane tsafin da mugun boka ke haɗa mana. Jiya na jefa ɗan lido, na dace. Manajanmu Raghavan, mai jan wasan, yana lasar man samosa a yatsu ya ce, "Ka gane, wuta ce. Amma garin ganewa damarka ta kare kai ta wuce." Muka ƙone ƙurmus. Tir.

Bayan wasan ya ce in same shi a ofishinsa ran Litinin, yana murmushin da yake yi wa wanda zai sallama daga aiki. Wannan tsafin ma na gane shi. Kada ki gaya wa Ama.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙaninki,
Dipesh