Aibin Rijiyar Kawu

Laraba da dare, Kazaure

Alhamdu lillahi, na gama insha'in da hedimasta ya ba mu kan sabuwar rijiyar da hukumar En'e ta gina, amfaninta da aibinta. Amfanin bai ba ni wahala ba. Aibin ne ya tsaya mini a rai, don Kawu Sule ne ya kula da ginin, kuma Baturen makaranta zai karanta. Da wane baki zan ce simintin yana cin igiyar guga?

Bayan isha'i na durƙusa na karanta wa Kawu. Ya ce, "Shi ke nan? Ina santsin da ke kayar da mutane? Na faɗa wa mutanen En'e, ba su ji ba. Ƙara, ko sa ji a boko."

Na ƙara, yana riƙe mini fitila.