Ruwan Cuku a Kogin Brezak

9 ga Afrilu

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma ƙugun ya fara sauƙi tun bayan aikin da aka yi maka. 'Yar'uwata Nevyana ta ce har ka fara zagaya gidanta da sanda ɗaya, kana mita wai iskar Burgas gishiri ya yi mata yawa. Ka daure ka bi maganar likita. Mu nan ƙalau muke, ƙanƙara ta narke sai ɗan abin da ya rage can saman dutse.

Na zaɓi in rubuto ne don ba na son ka ji wannan a bakin wani. Mutanen Brezak, ƙauyen da ke ƙasa da mu a bakin kogi, sun kai ƙarar gidan cukunmu. Tun ƙarshen hunturu kogi yake wari daga gadarsu zuwa ƙasa, ruwan ya yi fari-fari, kifi ya mutu. Inna Radka, matar marigayi mai injin niƙa, ita ta bi gida-gida da takarda har mutum ɗari da sha ɗaya suka sa hannu. Jami'an kula da muhalli sun ba Yaya Kalin wata shida. In bai gyara ba za su rufe wurin. Mutum talatin da takwas ke ci a nan, Baba, kuma kai ka ɗauki rabinsu aiki.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne aikin da aka ɗora mini a ofis. Ƙungiyar 'yan kasuwar yankinmu ta shiga wani shiri na haɗa masu kamfanoni da malaman jami'a, don kowane kamfani ya duba haƙƙin jama'ar da yake zaune a cikinsu. Ni aka ce in tara su. Wata biyu ina bin ofisoshi ina gaya wa mutane su kula da maƙwabtansu, ga kogin wana yana wari. Mai gidan katako ya saurare ni tsaf, ya ba ni kofi, sannan ya tambaye ni ko na fara daga gida.

Jiya muka yi taron farko. Jami'a ta turo Dokta Zlatka, mai koyar da ilimin ruwa da ƙasa, wata gajeriyar mace mai furfura da ba ta iya zagaye-zagaye ba. Da ƙyar na jawo Yaya ya zo. Tana fara magana ya katse ta.

"Malama, kin taɓa tatsar saniya?"

"Ban taɓa ba. Kai ka taɓa shan ruwan Brezak?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗauki hularsa ya fita. Da na bi shi waje ya ce na tara masa jama'a ne don a ci masa fuska, ni da muka fito ciki ɗaya. Tun daga nan bai ɗaga wayata ba.

Kada ka kira shi tukuna, ka san halinsa, zai ce na kai ƙararsa. Ka gaishe da Nevyana da yara.

'Yarka,
Bilyana

14 ga Mayu

Babana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙarfin jiki, yaya barci? Na ji daɗin jin ka kai bakin teku da ƙafarka.

Abubuwa sun motsa, amma akwai maganar da ta yi mini nauyi, zan zo gare ta.

Bayan taron nan Dokta Zlatka ta zo ofishina da kanta. Na zaci ta zo faɗa ne, ashe ita ma wuta ce a kanta. Sashenta ɗalibai tara kacal ya samu bana, ana maganar haɗe shi da wani. Yara suna cewa abin da take koya musu ba ya ba da aiki a nan, sai a Jamus. Ta ce tana buƙatar kogi na gaske da kamfani na gaske, ba zanen allo ba. Ta kuma ce ta san bakinta ya yi kaifi a ranar, amma wana ne ya fara.

Washegari da safe na tafi gidan cuku, na zauna a kan garwar madara a ƙofar ɗakin da Yaya yake yanka cuku, na ce ba zan tashi ba. Sai da ya gama tukunya biyu ya kula ni. A nan ya faɗa mini gaskiya. Tsoro yake ji. Yana zuba ruwan da ke saura bayan an fitar da cuku a babban ramin nan na baya kamar kullum, ramin ba ya cika, shi kuma bai taɓa son sanin dalili ba. Yana ganin duk abin da aka auna, da shi za a rufe shi. Na koma wajen Dokta Zlatka, ta yarda shi zai fara ganin sakamako kafin kowa, amma ta ce ba za ta ɓoye ko lamba ɗaya ba.

Ranar Asabar muka bi kogin mu uku da ɗalibanta huɗu, da takalman roba, tun daga saman gari. Tana shiga ruwa har gwiwa tana cika kwalabe, Yaya yana biye da ita da akwatin kwalaben yana gunaguni. Can sama, ƙasa da sabon otal ɗin masu wasan ƙanƙara, muka tarar ruwan ƙazanta yana gangarowa ta cikin duwatsu. Na ga kafaɗun Yaya sun sauko, ya gane ba shi kaɗai ke ɓata kogin ba.

Muka iso bayan gidan cuku. Wata ɗaliba ta ture ciyawa da sanda, sai ga tsohon bututun ƙarfe ya fito daga ƙasan rami yana zuba kai tsaye a kogi. Yaya ya durƙusa ya shafa wurin haɗin. Ya ɗago ya dube ni, na gane. Waldarka ce, Baba. Mu biyu mun san hannunka.

Ban rubuto don in tuhume ka ba. Na tuna shekarun da ka kafa wurin, lokacin da aka watse gonar gwamnati, ba aiki, ba gishiri a shago, kana sarrafa madarar shanu goma sha biyu. Abin da ke fita a lokacin kogi yana shanye shi. Yanzu madarar shanu ɗari huɗu ce.

Sakamako ya fito jiya. Kusan rabin ɓarnar tamu ce, sauran na otal ne. Yaya ya karanta takardar sau biyu ya ce, "To, rabi dai ne." Dokta Zlatka ta ce, "Rabin ma ya isa ya kashe kifi." Wannan karon bai fita ba. Ya jawo kujera ya tambaye ta me za a yi.

Ka kula da kanka, kada ka sa abin a ranka.

'Yarka,
Bilyana

20 ga Yuni

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye a gidan waya, na ƙarasa a mota ina share hawaye. Ka ce za ka hau bas ka zo ka tsaya gaban mutanen Brezak ka ce kai ne. Awa shida a bas da sabon ƙugu, ba za ka yi ba. Kuma an riga an yi taron.

A zauren karatun ƙauyen aka yi, ranar Lahadi bayan coci. Wuri ya cika. Na ji tsoron Yaya zai fake da otal, don dukan hanya maganar otal yake yi. Da ya miƙe sai ya ce:

"Akwai bututu a bayan gidana. Shekara goma sha bakwai ina riƙe da wurin, ina ganin rami ba ya cika, ban tambaya ba. Laifina ne. Na toshe shi ranar Talata."

Bai ambaci sunanka ba. Inna Radka ta miƙe da sandarta ta ce ta san wanda ya haɗa bututun, don mijinta ne ya ara masa injin walda, saboda haka kowa ya zauna, ba wanda hannunsa yake da tsabta sosai. Ta ce ita kifi take so ya dawo, ba kan mutum ba. Amma ba za ta janye takardarta ba sai ta ga ƙasan kogi da idonta.

Ga abin da aka tsara. Ɗaliban sun nuna cewa abin da muke zubarwa abinci ne. Za a sake dafa ruwan cukun a fitar da izvara, farin cuku mai laushin nan da Mama take sa wa a burodin banitsa. Ragowar kuma tankar ruwa za ta kai wa masu maruƙa a ƙauyuka uku, kyauta. Ruwan wanke-wanke zai bi ta wasu ramuka masu tsakuwa da ciyawar fadama da ɗaliban suka zana. Mai gidan katako, wanda ya ce in fara daga gida, shi ya aiko da katakon rumfar da za a riƙa dafa ruwan cukun a ciki.

Abin dariya shi ne otal. Wasiƙa uku na rubuta wa mai shi bai amsa ba. Yaya ya ce ba zai haƙa rami shi kaɗai ba wani yana can sama yana wanka. Ya ɗauki takardar sakamako ya je ya zauna a ɗakin cin abincinsu, ya ce su ba shi ruwa daga kogi a kofi. Kwana huɗu yana zuwa. A na biyar mai otal ya kira ni yana tambaya yaushe ne taro na gaba.

Ka gaishe da mutanen gida.

'Yarka,
Bilyana

11 ga Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka, ina fatan sanyin da ya fara bai taɓa ƙashin ba.

Jami'an sun zo ranar Alhamis ta makon jiya, sun auna wuri biyar, sun tafi ba su faɗi sakamako ba. Kwana bakwai ban iya cin abincin kirki ba. Yau da safe takarda ta zo. Ba za a rufe ba. Za su dawo duk wata uku har shekara biyu. Yaya ya karanta wa ma'aikata a tsakar gida, sannan ya shige ɗakin gishiri ya rufe ƙofa, sai bayan minti goma ya fito da jajayen idanu yana faɗan wa ya bar famfo a buɗe.

Kifi bai dawo ba tukuna. Dokta Zlatka ta ce sai an ba shi shekara ko biyu. Amma daga kan gadar Brezak ana ganin duwatsun ƙasa, Inna Radka ta je ta duba, ta janye takardarta. Otal bai gama nasa aikin ba, ina bin su. Sashen Dokta Zlatka ya samu ɗalibai ashirin da uku, biyu daga cikin tsofaffin kuma Yaya ya ɗauke su aiki.

Ta gayyace shi ya yi wa sababbin ɗalibai magana ranar huɗu ga watan gobe. Ya ce shi ba malami ba ne, ya ƙi, ya sake ƙi, jiya kuma na tarar matarsa tana buɗe ɗinkin kwat ɗinsa na aure don ya shige shi. Ya ce shi ya san yadda ake gyara rami, amma yadda aka fara wurin da shanu goma sha biyu bai san yadda zai faɗa ba, yana ƙarami a lokacin. So yake ka zo ka ba ɗaliban labarin da kanka, amma ba zai iya roƙonka da bakinsa ba. Ya dai sa an kwance kujerar gaban motarsa an ja ta baya, ya ce mai ciwon ƙugu yana buƙatar miƙe ƙafa.

Zai iso Burgas ranar biyu ga wata. Ka shirya.

'Yarka mai ƙaunarka,
Bilyana