Ranar da Ajina Ya Kori Monica

Laraba da dare, Nuwamba 1994

Yau a jami'a na ba ɗalibaina labarin mutanen birnin Atina na ƙasar Girka a zamanin dā, yadda kowa ke rubuta sunan wani a tsingaron tukunya, wanda sunansa ya fi fitowa a kore shi daga gari shekara goma, ba laifi, ba shari'a. Har dariya na yi wa Girkawan da suka ce tarihi zagayowa yake yi. Na ce mu kam mun wuce wurin.

Don wasa na raba takardu, na ce kowa ya kori ɗaya daga cikin shugabannin da muka karanta. Na buɗe ta farko, sai ga sunan Monica, ɗalibar nan mai yawan katse ni da tambaya. Ta biyu ita, ta uku ita. Innalillahi! Aji ya kwashe da dariya. Ta tattara littattafanta, ta ce, "Me na yi muku?" Ta fita.

A ƙafa na dawo gida unguwar Glenwood, na kasa jiran bas. Da Monica ta fita ɗazu, ban bi ta ba. Da ta ja ƙofar nan, wallahi daɗi na ji.