Muryar Mama a Cikin Diski Huɗu

Kafanchan,
9 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yayata Afiniki,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da maigida, da aikin citta. Matata Hellen tana gaishe ki. Tunda kunnenki ba ya shiri da waya, na ba direban motar Kwoi wannan takarda.

Yaya, kafin in faɗi abin da ya sa na rubuto, bari in tuna miki ko ni wane ne. A aji uku na sakandare na tsaya. Ba wanda ya koya mini gyara. Rediyon Baba na buɗe, na lalata, na sha bulala, na gyara. Daga rediyo na shiga kaset, daga kaset na shiga ɗaukar bidiyon aure. Shagona ni na ɗora bulonsa. Solar da ke kan rufina ni na hau na ɗaura. Ita kuma saba, wato kwamfutar ajiyar nan da ke ɗakin baya, da hannuna na haɗa ta daga tarkacen da wani ofis ya zubar. Daga nan har Zonkwa ba mai irinta a gida. Masu digiri suna zuwa su leƙa su yi shiru.

Diski huɗu ne a cikinta. Akwai wani kati da ake kira kantirola, shi ke ɗaure su huɗun su zama rumbu ɗaya, ko guda ya mutu sauran su riƙe kayan. Tsohon katin baki huɗu gare shi, rumbu ya cika da bidiyon mutane, ga shi yana jan ƙafa. Sai na sayi mai baki takwas a shagon Ejike, abokina ɗan Mama Nkechi na kwatas ɗin reluwe, don in ƙara diski.

Ranar Asabar bayan abincin rana na cire tsohon na sa sabon. Da na kunna, rumbu wayam. Bidiyon aure ba su dame ni ba, masu su suna da kwafi. Amma waƙoƙin Mama arba'in da bakwai, waɗanda na kwashe daga kaset, da kika ce za a sa a majami'a ran 24 ga Nuwamba wajen cikarta shekara da rasuwa, su ma sun tafi.

Katin ne, Yaya. Jabu ne. Irin kayan nan da ake kawowa a kwantena, ba ka sanin cikinsu. Amma kada ki ɗauki maganar da zafi, kuma ba sai kin gaya wa kowa ba. Ina kan aiki a kai. Kwana biyu abinci ba ya shiga mini, wataƙila zazzaɓi ne.

Naki ƙane,
Obadiah J. Tagwai


Kwoi,
13 ga Satumba, 2024

Ƙanena Obadiah,

Alheri da salama su tabbata gare ka. Na karanta takardarka sau uku. A na ukun sai da na cire tabarau.

Shafi guda ka cika da yabon kanka kafin ka iso ga Mama. Tun kana yaro haka kake, in ka fasa tulu sai ka fara da labarin nisan rafi.

Shekara talatin Mama Zipora tana bayar da waƙa a Zumuntar Mata. Ba ta iya rubutu ba, a bakin murhu take tsara su, wasu da Hausa wasu da yarenmu. Ka san ba su a cikin kowane littafi.

Ka ce kada in gaya wa kowa. Bai yiwu ba. Ranar Laraba muka yi taron zumunta, shugaba ta tambaye ni ina aka kwana kan waƙoƙin, ni kuma ban iya ƙarya a gidan Ubangiji ba. Na faɗa musu yadda ka faɗa mini. Sakatariya ta rubuta a littafin taro cewa Ejike na Kafanchan ya sayar da jabun kaya har muryar Mama Zipora ta salwanta. Dattawa sun fasa sayen lasifikar majami'a a wurinsa. Abin ya yi mini ciwo, yaron da ya ci tuwo a kwano ɗaya da kai.

Amma mun gode wa Allah da ba a kan na'ura kaɗai muka dogara ba. Kaset ɗin suna nan wurinka, cikin kwalin da na ɗaure da ɗankwalin Mama. Ka ba direba ya kawo mini. Rediyon Fasto yana cin kaset har yanzu, ko da shiii ɗin ne za mu ji ta.

Ka sha magani. Ka gai da Hellen.

Yayarka,
Afiniki


Kafanchan,
20 ga Satumba, 2024

Oba,

Ina gaisuwa. Sau tara na kira wayarka. Sau biyu na zo gida, madam ta ce ka fita, ga mashin ɗinka a ƙofa yana kallona. Shi ya sa na bar wannan a hannunta.

Ranar Lahadi Mamana ta dawo daga sujada ba ta cire ɗankwali ba ta zauna tana kuka. Wata mata da ta je Kwoi ta tare ta a bakin ƙofa, ta ce ɗanki ya kashe Zipora sau na biyu. Tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, Oba. Ita ta riƙe hannun Mamanka a asibiti.

A garin nan aka haife ni, a nan aka binne Babana. Ba ni da wani ƙauye da zan gudu in sake suna. Wannan sunan kaɗai gare ni, shi nake buɗe shago da shi.

Ka tuna abin da na ce maka a kan kanta ranar da ka zo? Na ce katin nan ba kamfaninsu ɗaya da tsohon ba, ba zai gane ɗaurin da tsohon ya yi ba. Na ce ka kwafe komai zuwa wani wuri tukuna. Har na ɗauko babban diskina na waje na ce ka ara, kyauta. Ka tura mini shi baya da yatsa ɗaya. Ka ce, "Ejike, kai mai sayarwa ne, ni mai haɗawa ne." Na yi dariya, don na saba da bakinka tun benci ɗaya a firamare.

A gabanka na gwada katin, lafiyarsa ƙalau. Amma ba faɗa na zo yi ba. Ka saurare ni sau ɗaya a rayuwarka. Ka kashe saba ɗin. Kada ka zuba komai a kan diskokin, ko hoto guda. Ka kawo su huɗun da tsohon katin. In ba a taka wurin ba, akwai dama.

Mama Zipora ni ma uwata ce. Ita ta koya mini cin tuwon acca.

Naka,
Ejike


Kafanchan,
6 ga Oktoba, 2024

Yaya Afiniki,

Ina gaishe ki. Na ga takardunki biyu na tuni kan kaset. Ba zazzaɓi ya hana ni amsawa ba. Ba ni da zazzaɓi, ban taɓa yi ba.

Ki zauna kafin ki ci gaba.

Katin Ejike ba jabu ba ne. Da na kunna saba ran nan, katin ya tsaya ya yi mini tambaya a kan allo. Ya ce ya ga wani tsari a kan diskokin da bai sani ba, ya bari ne ko ya share. Turancin ya yi mini kauri, ban gane duka ba. Wayata tana aljihu, lambar Ejike ce ta biyu a ciki. Na ciro ta ma. Sai na tuna da yatsan da na tura masa diskinsa, na mayar da ita. Na ce a raina ai sabon kati sabon tsari. Na danna share. Ya sake tambaya, ka tabbata? Yaya, har sau biyu na'ura ta ji tausayina. Na danna e.

Bai tsaya nan ba. Da na ga wayam, maimakon in kashe, sai na sake ɗaure diskokin, na zuba bidiyon aure uku a kai, wai in gwada ko rumbun yana aiki. Yana aiki. A kan Mama na zuba su.

Kaset kuma babu. Tun watan Afrilu da na yi wa ɗakin fenti na ga sun fara fumfuna. Na ce me zan yi da tarkace, ni mai diski huɗu? Hellen ta ce in kawo miki. Na ce mata ta tsaya a kan abin da ta sani. Na zuba su a ramin shara na sa wuta. Kwalin ne na ajiye, ina zuba kebul a ciki. Ɗankwalin Mama yana nan, da shi nake rufe saba saboda ƙura.

Ina ta gaya wa mutane ko diski ɗaya ya mutu ba abin da zai ɓace. Gaskiya ne. Ban taɓa tambayar kaina ba, in mai rumbun ne da kansa ya cinna masa wuta fa?

Na kai wa Ejike diskokin. Ban iya kallon idonsa ba, shi kuma kujera kawai ya turo mini. Kwana huɗu ya rufe rabin shagonsa yana tonon abin da ya rage a diskokin. Abin da ya samu guntu ɗaya ne, daƙiƙa arba'in. Ba waƙa ba ce ma. Farkon wani kaset ne da na ɗauka ina saurayi. Ana jin kaji, ana jin Mama tana gyara murya, sai ta ce, "Obadiah, ka danna abin? Ka tabbata? Je ka kira ɗan Nkechi ya duba, kai ba ka tambaya." Sai dariyarta. Sai ta ja numfashi za ta fara, shi ke nan ya yanke.

Ejike ya fita waje ya bar ni da shi. Sau nawa na saurara, ban sani ba.

Ga shi a filashi cikin ambulan. Na yi kwafi biyar, ɗaya yana wurin Ejike. Yanzu na koya, da ba sauran abin ajiyewa.

Ban ce ki yafe mini ba. Ban san da wane baki zan roƙa ba.

Obadiah


Kwoi,
27 ga Oktoba, 2024

Obadiah,

Salama. Mako uku na yi ban iya ɗaukar biro ba. Ranar da na karanta maganar wutar nan, da kana kusa da na mare ka, da furfurarka da komai.

Jikata ta sa mini filashin. Na ji dariyar. Ban san na manta yadda take dariya ba sai da na ji.

Na tara tsofaffin zumunta a gidana ranar Alhamis, mu tara. Wannan ta tuna baiti, waccan ta tuna amshi, aka yi ta gardama kamar a kasuwa. Mun haɗa waƙa goma sha shida. Sauran sun bi Mama. Mu za mu rera su ran 24 da bakinmu. In kana so ka zo da kyamararka, amma Ejike zai riƙe kwafi.

Na je Kafanchan na durƙusa wa Mama Nkechi, ban biya ta gidanka ba. Ni na kai maganar gaban taro, nawa laifin ke nan.

Saura littafin taro. Na yi magana da sakatariya. Za ta ja layi a kan sunan Ejike, ta rubuta cewa an samu kuskure wajen aikin na'ura. Ba sai an ambaci kowa ba. Kai ɗan Zipora ne, kana da shago da 'ya'ya, ba na so a riƙa nuna ka da baki. Ka bar shi haka.

Yayarka duk da haka,
Afiniki


Kafanchan,
30 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Na gode, amma ban yarda ba.

Na'ura ba ta yi kuskure ba, sau biyu ta tambaye ni. Sunan Ejike da baƙaƙe aka rubuta shi, a gaban mata sittin aka karanta. In aka ja layi kawai, za a ce an rufa masa asiri ne don Mamansa ta yi kuka.

Duk abin da na yi a duniya ni kaɗai na yi, kuma ban taɓa bari wani ya karɓi sunan aikina ba. Wannan ma aikina ne. Ba wanda ya taya ni.

Ki gaya wa sakatariya ta rubuta haka: katin Ejike lafiyayye ne, ya ba da shawara aka ƙi. Wanda ya share waƙoƙin Mama Zipora, ya ƙone kaset ɗinta, ya ɗora wa abokinsa, ɗanta ne. Kada ta sa "wani ɗan'uwa". Kada ta sa O. J. A karanta ran 24 kafin ku fara waƙa, Mama Nkechi tana zaune a gaba, ni zan kawo ta. Zan miƙe tsaye don kowa ya ga wanda ake nufi.

A rubuta shi cikakke: Obadiah Jonathan Tagwai.