Gurasar da Ka Gatsa

Zuwa ga Bahrom, sanyin idona, inuwar inabina a tsakar ranar bazara, baban Mohira, maigidan da babu na biyunsa duk faɗin Margilan!

Ka tuna safiyar da za ka tafi aikin gini a Rasha? Inna ta ciro gurasa daga tanderu ta miƙa maka, ka gatsa, ta rataye sauran a ƙusa don rabonka ya jawo ka gida. Ƙwayar riɗi ɗaya ta maƙale a gashin bakinka, kunyar surukata ta hana ni cirewa, ka fita da ita har titi kana taƙama, sarkin kwalliya! Shekara biyu ke nan kullum sai na kalli gurbin haƙoranka, har da giɓin nan da kake musun kana da shi. Wace mace ce ke hira da busasshiyar gurasa in ba ni ba?

Masoyina, ka zauna kafin ka ci gaba. Yayanka Ilhom ya ce duk wanda ya tambayi jikin Inna a ce gyambon ciki ne, har da kai, har da ita kanta. Wata uku ina biyayya, yau na gama. Ciwon daji ne, ya kai hanta, kuma likita ya ce maganin rage zafi kawai ya saura.

Na tsare ma'aikaciyar jinya na ce ta faɗa min abin da ke gaba, ban da kwana-kwana. Ta ce cin abinci zai yi ta raguwa har ya tsaya, kada mu matsa mata. Barci zai yi yawa, ƙafafu su yi sanyi, numfashi ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Ta ce ko ta daina magana za ta riƙa jin muryoyinmu. Makonni suka rage, ba watanni ba. Na yi kukana a bayan tanderu, na wanke fuska, na koyi juya ta ba tare da na fama mata ciwo ba, da jiƙa leɓenta da auduga, da ba ta magani kafin zafin ya taso. Wallahi duk zan iya, har ƙarshe. Amma da wace murya zan zama ɗan autanta?

Jiya da hantsi ta nuna min ƙusar, ta ce, "Jiƙa min gefen da ya gatsa a shayi, 'yata. Ba na jin zan iya jiran mai ita."

Ashe ta sani! Mu muna ɓoye mata, ita tana ɓoye mana. Na sauko da gurasar, ta shafa gurbin haƙoranka da yatsa, sannan na karɓe na mayar da ita kan ƙusa. Na ce mata mai ita yana hanya, shi zai ƙarasa abinsa a gabanta.

Ka ajiye cokalin ginin nan, hasken gidana, ka taho. Ilhom ya yi ta faɗansa, ni zan tare shi. Tunda aka kawo ni gidan nan ƙarya ɗaya na taɓa yi wa Inna, ta gyambon ciki. Kada ka bari ta jiya ta zama ta biyu.

Taka a yau, taka bayan an share hawaye, taka har ƙasa ta rufe idona,
Zulfiya