Rijiyar Yaya Telesia

Litinin, 4 ga Maris
Kwana tara ana ruwa a tsibirinmu na Tongatapu. Baƙin ruwan da ke tsatsowa daga juji ya ƙetare katanga, kuma dutsen da ke ƙarƙashinmu ba ya riƙe komai, kamar rariya yake. Na ɗebo samfuri daga rijiyoyi bakwai. Ta shida ta Yaya Telesia ce. Ban shiga gidan ba. Mijinta Fonua ya miƙo mini guga ta kan shinge.

Alhamis, 7 ga Maris
Sakamako ya fito. Na sake gwaji sau biyu, ni kaɗai a ɗakin awo. Ruwan juji ne, har da ƙwayoyin bayan gida. Jikarta Lesieli, mai wata goma, da shi ake dama mata madara.

Juma'a, 8 ga Maris
Namiji ba ya ba yayarsa umarni, ba ya ambaton ƙazanta a gabanta. Haka muka tashi. Saboda haka Fonua na samu. Dariya ya yi, ya kira ni Malam Kwalba, wai rijiyar ta girme wa digirina, in nemi mata in daina leƙa ruwan mutane.

Lahadi, 10 ga Maris
Bayan coci Yaya ta kira ni cin abinci a ƙarƙashin mangwaro. Ta haɗa otai, abin shanmu na kankana da kwakwa, ta miƙo mini da hannunta. Na san ruwan da ta zuba. Na sha.

Laraba, 13 ga Maris
Maƙwabta biyu da suka rufe rijiyoyinsu bisa takardar gargaɗin ofishinmu sun buɗe. An ce mai awon da kansa ya sha, har ya ƙara. Ban ƙara ba. Wannan ba hujja ba ce.

Asabar, 16 ga Maris
Lesieli na gudawa tun jiya. Na je, na tsaya a bakin ƙofa, na faɗa wa Yaya, da kalmomin da ban taɓa furtawa a gabanta ba cikin shekara arba'in da shida. Fonua ya sunkuyar da kai. Ita ba ta dube ni ba.
"Tun yaushe ka sani?"
"Kwana tara, Yaya."
"Kuma ka sha."
Ta saki labule.

Talata, 19 ga Maris
Yarinyar ta samu sauƙi, in ji ma'aikaciyar asibiti. Kullum da safe ina ajiye jarka huɗu na ruwan sama daga tankina a bakin shingensu. Yaya ba ta yi mini magana ba tukuna, watakila za a daɗe. Yau na ga Fonua zai ja ruwa, wai na wanki ne. Na ce masa da ƙarfi ya ajiye gugan, tana tsakar gida tana ji. Ban nemi gafara ba. Sai da na isa ofis na lura ban nema ba.