Takardar Jini Ta Wanke Ni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki don a gidanmu an ce a gai da babba, ba don raina ya so ba. Ki gai da maigidanki da yara. Takarda na rubuto saboda kin san tun da aka yi mini aikin maƙoƙon nan muryata ba ta fita a waya, kuma ko da tana fita na san ba za ki ɗauka ba.

Ki dawo mini da 'yata.

Ni na haifi Auta, ba ke ba. Kin faɗo mini shago gaban masu kawo ɗinki, kin fincike ni daga kan keken ɗinki, kin kwashe ni da mari har ɗankwalin da nake rufe tabon wuyana ya faɗi ƙasa, sannan kin ja yarinya kin sa a mota. Ni da 'ya'ya uku, biyu har sun fara gemu, a mare ni a bainar jama'a? Na san mai gyaran wayar nan na kusa da ni ne ya kira ki. Munafuki, zai gamu da ni.

Tunda ba ki tsaya tambaya ba, bari ki ji yadda aka yi. Ina kan kayan wata mata da ta hana ni sakat, sai zare ya ƙare. Auta na zaune bakin ƙofa tana wasa da maɓallai, ta ba ni baya. Na kira ta, shiru. Na sake kira, shiru. Kin san ni, da can in na buɗe baki har bakin titi sai an waiwayo, ai ba a banza kuka sa mini Lasifika ba. Yanzu ina ihu iya ƙarfina, abin da ke fita kamar iska daga tayar keke. Sai wani abu ya taso mini daga ƙirji ya rufe mini ido. Rular katako ce a hannuna. Na dake ta, ban ce ban dake ta ba. Wace uwa ce ba ta duka?

Ni kuwa akwai wanda ya tambayi yadda nake? Zuciyata na dukan ƙirji kamar ana buga ƙofa. Gumi nake ko kowa na jin sanyi. Hannuna rawa yake, sai na yi ta fama kafin zare ya shiga allura. Barci ya guje ni, ina ci kamar me amma ramewa nake. Leɓuna da yatsuna kuwa kamar tururuwa na yawo a ciki.

An ɗebi jinina, na karɓo takardar tun watan jiya, amma wai ganin likita sai wata mai zuwa. To ni ba jahila ba ce, na karanta abata. Akwai layin da aka rubuta TSH, lambata ko ƙaramar lambar da suka sa a gefe ba ta kai ba, ga kibiya kusa da ita tana kallon ƙasa. Kowane tela ya san in awo ya gaza yadi ake ƙarawa. Sai na mai da ƙwayar da nake sha kowace safiya tun bayan aikin ta koma biyu. Har yanzu ban ji dama ba, ina tunanin ƙara ta uku. Ga kwafin takardar na haɗo miki, ki ga mara lafiya kika mara, ko kya ji kunya.

Ki huta lafiya, in kin iya.

Ƙanwarki.

* * *

Zuwa ga ƙanwata,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, muna kuma yi miki fatan sauƙi. Takardarki ta iso, a tsaye na karanta ta.

Kafin komai: kada ki sha ƙwaya ta uku. Biyun ma kada ki sake. Gobe da safe ki tafi asibiti, ki nuna musu takardar, ki faɗa musu abin da kika yi, kada ki jira wani wata mai zuwa. Na nuna wa likitan da ke duba Auta kwafin da kika aiko. Ya ce wannan lamba ba awon maganin da ke jikinki ba ce, kira ne da ƙwaƙwalwa ke yi. In magani ya yi wa jiki kaɗan sai ta ɗaga murya, lambar ta hau. In ya yi yawa sai ta yi tsit, lambar ta faɗi. Wato tun ranar da aka ɗebi jinin, ƙwaya ɗayar ma ta yi miki yawa, ke kuma kika ninka. Ya ce a haka zuciya na iya tsayawa. Jikin mutum ba yadi ba ne.

Yanzu maganar wace uwa ce ba ta duka. Tunda kin ce ido ya rufe miki, bari in gaya miki abin da masu ido suka gani. Rular ta karye a kanta. Kika ci gaba da guntun. Da guntun ya fice daga hannunki kika koma tafi, a gefen kai, kanta na buguwa da ƙarfen keke. Mai gyaran wayar da kike zagi shi ya ɓamɓare ki daga jikinta, kika gantsara masa cizo a hannu. Lokacin da na iso jini na bin wuyan yarinyar, ta yi fitsari a tsaye, ke kuma kin koma kan keke kina ɗinki. Wannan ɗinkin ne ya sa na mare ki, kuma ban yi nadama ba.

An ɗinke mata bayan kunne. Tana cin abinci, tana zuwa makaranta tare da yarana. Ba ta yarda kowa ya tsaya a bayanta, ko ni.

Ba ƙwace miki ita na yi ba. Ki nemi lafiya. Ranar da takardar jininki ta fito babu kibiya ko ɗaya, ki zo ki ɗauki 'yarki, ni da kaina zan haɗa mata kaya.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Yayarki.

* * *

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, wannan karon har cikin raina. Ina maigida, ina yara, ina Autata? Wata biyu ban rubuto ba, na ce ba zan sake buɗe miki baki ba sai da hujja a hannu.

Na je asibitin kamar yadda kika ce. Da na gaya wa likita maganar awo da yadi, sai ya ajiye biro ya kama kai. Ya dakatar da ƙwayar 'yan kwanaki, ya dawo da ni kan ƙarama, ya haɗa mini da wata mai rage gudun zuciya. Tururuwar yatsu kuma ashe daban take. Wai lokacin aikin an taɓa wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a bayan maƙoƙon, masu kula da kalsiyam a jini. Shi ya sa ranar nan hannuna ya ƙage a kan almakashi, yatsu suka dunƙule kamar ƙafar kaza, sai da aka ɓamɓare. Yanzu ina shan kalsiyam ɗin da rana, don ya ce kar in haɗa shi da ta safe, wai ba sa jituwa. Kamar ni da ke ke nan.

Ba zan ɓoye miki ba, farkon abin ya yi muni. Wata mata ta zo gwada riga, ina yi mata bayani tana cewa “Me kika ce?” Na maimaita, ta sake cewa “Me kika ce?” har da karkato kai. Wallahi ban san lokacin da dutsen guga ya bar hannuna ba. Allah ya taimake ta madubi ya samu, ya tarwatse har bakin ƙofa, ta fita a guje ba takalmi. Amma wannan lokacin sauran maganin bai gama fita daga jikina ba. Yanzu barci nake har da minshari, hannu ya daina rawa, na fara mayar da jiki.

Murya ce dai shiru. Likita ya ce wata jijiya ce ta taɓu, wataƙila ta dawo, wataƙila haka zan ƙare. Har yanzu duk wanda ya ce mini “me kika ce” sai in ji kamar in shaƙe shi, amma ai kowa ma haka zai ji. Likitan ya so ya kawo wata magana, wai akwai wanda ake zama da shi a yi hira kan fushi. Na ce masa ni ba mahaukaciya ba ce, jinina aka ce ya duba, ya duba jini.

To ga jinin. Ki sa tabarau ki duba da kyau, Yaya, layi-layi. TSH na zaune daram a tsakiyar lambobinsu, kalsiyam ma haka, babu kibiya sama babu ƙasa. Kin gani ko? Ba ni na daki Auta ba, ƙwaya ce. Takarda ta wanke ni, kuma kin yi alkawari. Babanta ya dawo daga tafiyar da ya yi da babbar motarsa, ya ce gidan ya yi masa faɗi. Na ɗinka mata riga mai aljihu biyu irin wadda take so, na ƙara tsawo kaɗan don na san ta girma a hannunki.

Asabar ina tafe. Ki haɗa mata kaya.

Taki har kullum,
Lasifika, ko babu murya.

* * *

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa gida lafiya, kuma an duba miki yankan da ke tafin hannunki. Nawa goshin an sa filasta.

Kin fita daga gidana kina nuna ni da yatsa, bakinki na motsi, na san cewa kike na zuga 'yarki ta raina ki. Ke ba ki ga kanki ba ranar Asabar, ni na gan ki, don haka ki karanta.

Kin shigo da fara'a, takarda a hannu ɗaya, riga a ɗayan. Na duba takardar, gaskiya ce, babu kibiya. Na ji daɗi har na rungume ki. Auta na zaune a tebur tana aikin makaranta, ta gaishe ki kanta a ƙasa. Kika zagaya ta hagunta, kika sunkuya kika ce mata wani abu a kunne. Ba ta juyo ba. Kika sake faɗa. Ba ta juyo ba. Ina kallon wuyanki, na ga jijiya ta miƙe a gefen tabon. Kafin in ajiye kofin da ke hannuna kin damƙi damtsenta, kin fizgo ta daga kujera, kina jijjiga ta kanta na kaɗawa, ɗayan hannun kin ɗaga shi sama. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, ta dai dunƙule ta rufe kai da hannu kamar wadda ta daɗe tana jira.

Ni na shaƙo ki ta baya, na sani. Kika maka mini kofi a goshi, muka faɗa kan teburin gilashi da ni da ke, mata biyu masu furfura, yara na ihu, maigidana na jan ƙafata. Shatin yatsunki huɗu na nan a damtsen Auta, sun yi baƙi.

Yanzu ga abin da ban gaya miki ba. Ba raini ba ne. Kunnenta na hagu ba ya ji. Tun ranar shago dodon kunnen ya fashe, abin ya taɓa har can ciki, an gwada ta sau biyu, likitan kunne ya ce kada mu sa rai. Na ɓoye miki ne lokacin da aka ce zuciyarki na iya tsayawa, na bari sai kin zo mu zauna in faɗa miki a hankali. Ba ki ba ni ko minti biyar ba.

Ranar shago kin ce ƙwaya ce, na yarda har da kaina, don na fi son in yarda. Ranar Asabar ƙwayarki daidai take, jininki tas, takarda na hannunki. To wa ya ɗaga hannun?

Na yi alkawari, kuma ban saba karya alkawari ba. In kin ce a kawo ta, babanta ya zo ya ɗauke ta. Amma jiya ta tambaye ni abin da kika ce mata a kunne, na ce ban ji ba. Ta ce, “Ni ma ban ji ba, Inna. Da na ji da na amsa.”

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Yayarki.

* * *

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na gode da kika shaƙe ni.

Abin da na faɗa mata a kunne, cewa na yi ta yafe mini.

Kada ki haɗa mata kaya, ta zauna a wurinki. Na gaya wa babanta da kaina. Na koma wurin likita na karɓi sunan mutumin da ake zama da shi, Laraba zan fara zuwa.

In wata rana ta ce in zo, ita da bakinta, ba ke ba, zan zo. Ki ajiye mini kujera ta damanta. Zan zauna a kan hannuwana.

Ki huta lafiya.

Uwar Auta.